Tsohon Keke da Gwangwanin Fenti

Daga cikin kayayyakin da suka shigo ƙasar Hausa tun sa'ad da dogo ya iso Kano cikin 1911, da wuya a sami abin da talaka ya karɓa da hannu biyu kamar keke. Mota ta Sarki ce, da Razdan, da manyan attajirai. Doki kuwa, ko kyauta aka ba mutum, sai ya yi ta fama da harawa da dawa da kanwa, ga kuma ɗan barga. Amma keke ba ya ci, ba ya sha, ba ya harbi, inda aka jingine shi da dare nan za a tarar da shi da safe. Saboda haka aka sa masa suna dokin ƙarfe. Malamin gona, da duba-gari, da masinjan En'e, da malamin makaranta, da ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye, duk shi ne ƙafarsu. Manomi kuwa in gyaɗa ta yi kyau, aka auna, aka biya haraji, aka yi wa iyali tufafi, to, abin da ya rage sai bakin kanti, a komo gida da sabon keke ana tura shi da hannu don kada taya ta ɓaci tun ran farko.

Kekunan wannan zamani galibinsu daga Ingila su ke. Akwai Rudge, da Humber, da Hercules, da Phillips, amma sarkinsu duka shi ne Raleigh, wanda a ke ƙerawa a birnin Notingam. Asalinsa kuwa, wani Bature ne mai suna Frank Bowden ya komo daga Hon Kon ba lafiya, likita ya ba shi shawara ya riƙa hawan keke. Cikin 1887 ya sayi ɗaya ƙirar wata 'yar maƙera da ke kan titin Raleigh, ya hau, ya warke, abin ya ba shi sha'awa har ya zuba dukiyarsa cikin sana'ar, cikin 1888 aka kafa kamfani da sunan titin nan. Tsuntsun da a ke gani a goshin keken zalɓe ne, daga tambarin gidan su Bowden aka ɗauko shi. Dattawa da yawa suna tune da hoton tallansa, inda aka zana wani mutum bisa keke yana murmushi, zaki na binsa a baya ya kasa cim masa. Kamfanin ya yi ta haɗiye abokan gasarsa, ya sayi Humber cikin 1932, ya sayi Rudge cikin 1943, har aka yi zamanin da ya ke da masana'anta a Kano.

To, wannan zamani ya wuce. Cikin 2002 aka daina ƙera keke a Notingam. Sunan yana nan ana buga shi a kan kekunan da a ke yi a waɗansu ƙasashe, amma tanderun da suka gasa na dā sun mutu, ma'aikatan sun watse. Watau abin da ya rage a zauruka da ɗakunan ajiya shi ke nan, ba ƙari, sai dai raguwa. Da babur ya yawaita, mutane suka jingine kekunansu suka manta da su, 'yan gwangwan suka kwashi rabonsu. Sauran kuma sai ga shi an fara tunawa da su. A Maiduguri, da aka hana hawan babur cikin 2011, keke ya komo titi. Haka kuma cikin 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya gagari mutane, yara da yawa suka shiga ɗakin kakanninsu suka jawo dokin ƙarfe daga ƙarƙashin tarkace. Abin murna ne. Amma fa abin mamaki, keken da ya yi shekara arba'in cikin ƙura tsatsa ba ta kashe shi ba, sau da yawa cikin yini guda mai ƙaunarsa ya ke gamawa da shi.

Ga yadda abin ya kan kasance. Saurayi ya gāji keke, ya dube shi ya ga baƙinsa ya dushe, ga ƙuje-ƙuje, ga jan tsatsa a kan madigadi. Sai ya ji kunyar hawansa cikin tsara, ya kai shi wurin mai gyara ya ce, "Baba, so na ke a wanke masa fuska, ya koma sabo." In mai gyaran nan tsohon hannu ne, ya kan girgiza kai ya ce, "Haba ɗana, wannan ai sabulu ya ke so da mai." Amma tsofaffin hannu sun yi kaɗan, kuma wanda ya ke neman na cefane ba ya korar ciniki. Sai a ɗauko samfefa, ko wuƙa, ko guntun zarto, a kankare har farin ƙarfe ya fito. A buɗe gwangwanin fenti irin wanda a ke shafa wa ƙofa, shuɗi ko kore shar, a tsoma buroshi, ko kuwa a yi feshi. Ba a kwance kome ba, saboda haka fenti ya hau kan tambari, ya hau kan noti, ya hau sarƙa, har taya ta sami rabonta. Inda ƙarfe mai walƙiya ya ke, kamar kan keke da sandunan birki, sai a bi shi da fentin azurfa. Da la'asar a miƙa wa yaro abinsa yana sheƙi, ya biya yana godiya. Bayan wata uku fenti ya fara saɓulewa kamar zanar maciji, damina ɗaya tsatsa ta kama ta ƙarƙashi inda ba a gani. Garin neman gira an rasa ido.

Dalilin haka kuwa, abin da aka kankare ba irin abin da aka shafa ba ne. A masana'anta, sai an wanke firam sarai an raba shi da maiƙo, sa'an nan a bi shi da ruwan magani wanda ke kama jikin ƙarfe ya hana shi tsatsa. Daga nan a tsoma shi ɗungum cikin kwatarniyar baƙin fenti, a rataye ya tsane, a shigar da shi tanderu a gasa. In ya fito a sake, har fentin ya yi tauri ya zama kamar jikin tasa. Bayan wannan ne masu zane su ke jan siririn layin nan mai ruwan zinariya a kan bututu da madigadi, layi miƙaƙƙe kamar an ja da zare, alhali kuwa hannun mutum ne da ya shekara da shekaru ba ya wani aiki sai wannan. Fentin da aka gasa haka ya kan dushe daga sama, amma ƙarƙashinsa lafiya lau. Tsumma da ɗan mai kawai, sai baƙin ya farfaɗo. Fentin buroshi kuwa iska kaɗai ta busar da shi, kwance ya ke a kan ƙarfe bai kama ba. Mai samfefa ya tuɓe wa keke sulke ya sa masa rigar takarda.

Akwai wata hasara da ta fi wannan, ko da ya ke ba kowa ya ke lura da ita ba. Tsohon keke yana ɗauke da rubutu a jikinsa, wanda ya iya karatu ya kan sami labari da yawa a ciki. A goshi akwai tambarin tagulla da sunan garin da aka yi shi. A jikin bututu akwai rubuce-rubucen da aka manna, masu faɗin sunan samfurin da irin ƙarfen. A bakin bututun da sirdi ke shiga, ko a ƙarƙashin cibiyar feda, akwai lamba da aka buga da guduma. Kekunan Raleigh da aka yi daga wajen 1974, harafin farko na lambar nan shi ke nuna masana'anta, N kuwa ita ce Notingam. In keken mai giya ne, na kamfanin Sturmey-Archer, sai a share cibiyar ƙafar baya a duba, za a ga shekara da wata. In an ga 55 da 3, watau an yi ta cikin watan Maris na 1955. Wani keken ma har yanzu yana da 'yar lambar lasin da En'e ta ba da, makale a jikinsa, da sunan ƙasar da mai shi ya biya. Jikan da ba shi da hoton kakansa, ba shi da takardar haihuwarsa, ga shaida nan a hannunsa ta shekarar da tsohon ya yi ƙarfi har ya sayi abin hawa. In aka kankare, aka cike lambar da fenti, kamar an sami wasiƙar kaka ne aka kunna wuta da ita ba a karanta ba. Rubutun da aka manna, da zarar samfefa ta bi ta kansa sau biyu, ya tafi ke nan har abada.

Fenti dai fata ya ke ci. Masu taɓa ƙashi su ne zarto, da abin huji, da walda. Wani ya ga gidan sarƙa, watau murfin nan da ya rufe sarƙa ruf don kada ƙura ta shiga ko ta kama bakin riga, sai ya ce nauyi ne, ya ɓamɓare ya yar, ya yanke kunnuwan da ke riƙe da shi. Alhali a ƙasar da a ke sa babbar riga, a ke kuma fama da hunturu da rairayi, ba abin da ya fi murfin nan amfani a jikin keke. Wani ya cire birkin sanda ya ce tsohon yayi ne, ya huda firam don ya zura waya. Wani kuma ya kai wa mai walda a liƙa masa ƙatuwar kariya ko ɗan inji. Nan ne ɓarna ta kan kai matuƙa, gama ba da walda aka haɗa firam ɗin ba. Bututu aka zura cikin mahaɗi, aka narka tagulla ta bi tsakaninsu ta riƙe. Kaurin bututun bai wuce na kwabo ba. Wutar walda in ta sauka a kansa ta kan huda shi, ko ta ƙone shi ya yi rauni, in kusa da mahaɗi ne tagullar ta narke ta gudu. Keken da aka yi don ƙarfin ƙafar mutum, in aka ɗora masa inji yana jijjiga shi, da birkin da bai san wannan gudu ba, ƙarshensa tsagewa daidai inda aka ƙona. Wannan kuwa ya wuce maganar kyau, ya zama maganar wuyan mahayi.

Wata ɓarnar ma ba da gangan a ke yin ta ba, rashin sani ne. Kamfanin Raleigh na Notingam yana da nasa ma'auni dabam da na sauran. Haƙoran murɗi, waɗanda makanikai ke ce wa tiredi, a cibiyar feda da wuyan keke, nasa 26 ne cikin inci guda, na yawancin kekuna kuwa 24. Da ido ba a rarrabewa. Mai gyara ya sayo sabon kofi a kasuwa, ya murɗa, ya shiga zagaye biyu ya cije. Maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili, sai ya ɗauko babban sifana, ya ƙara da guduma. Kofi ya shiga, amma haƙoran firam sun cinye, na asalin ma in aka komo da shi ba zai zauna ba. Haka kuma ƙafafun. Tsofaffin kekunan Ingila waya 32 gare su a gaba, 40 a baya, don baya ke ɗaukar nauyi. Yawancin na yanzu 36 ne gaba da baya. Wanda ya yar da tsohon rim don ya ga 'yar tsatsa, sai ya tarar sabon bai dace da cibiyar ba, sai ya yar da cibiyar ita ma, wadda ke ɗauke da shekarar. Ɓarna ta kan jawo 'yar'uwarta.

Sirdin fata kuwa, na kamfanin Brooks, wanda har yanzu a ke yi kusa da Birmingam, shi ne farkon abin da a kan jefar, a sa na roba mai soso. Ƙasar da ta san jima da dukanci ba ta bukatar a gaya mata darajar fatar sa mai kauri. In ba ta tsage wajen ƙusoshi ba, ɗan mai kaɗan ya ishe ta, a shafa a bar ta ta sha. In aka cika mata mai sai ta saki ta lotsa.

Kada a ce wannan halin mutanen nan ne kaɗai. A Ingila da Amurka, inda a ke ganin an san darajar tsohon abu, an yi irin wannan ta'adi, har ma da ya fi. Wajen 1970 masu tsere suka shiga huda kayan kekunansu kamar rariya, wai don su rage nauyi, har waɗansu suka karye a hanya. Bayan shekara ta 2000 kuma wani yayi ya taso cikin samarin birane, na keke mai giya ɗaya. Suka yi ta sayen tsofaffin kekunan tsere waɗanda gwanaye suka haɗa da hannu, suna goge maratayin giya da mariƙan waya da injin niƙa ƙarfe, suna lulluɓe su da wani fentin gari mai kauri wanda ke cike lamba da zanen mahaɗi. Da yayin ya wuce, sai aka bar su da ƙarafan da ba su komuwa yadda su ke. Amma can akwai masu tsayawa a kan abin. A Ingila akwai ƙungiyar masu tsofaffin kekuna tun 1955. A Italiya, tun 1997, a kan yi wani taron hawa mai suna L'Eroica, inda a ke bukatar mahayi ya zo da keke irin na 1987 ko kafin nan. A Indunusiya ma akwai ƙungiyoyi masu yawa na masu irin baƙin keken nan mai birkin sanda. Wurin da yawa daga cikin waɗannan mutane, keken da ya dushe da fentinsa na asali ya fi wanda aka sabunta daraja da kuɗi.

To, mai keke yana iya cewa, "Kayana ne, da abin da na ga dama zan yi." Gaskiya ne, ba alkalin da zai kama shi. Kuma ba daidai ba ne mai ƙoshi ya zauna a inuwa yana yi wa mai ɗaukar buhu biyu na gawayi wa'azin layin zinariya. Mutumin da keke ne gonarsa, in fok ya tsage dole ya ɗaure shi da abin da ya samu, in kariya ba ta isa ba dole ya ƙara. An yi keke don a hau ne, wanda ya mutu cikin aiki bai yi mutuwar banza ba. Amma yawancin ɓarnar nan ba larura ce ta kawo ta ba, son ƙyalli ne da gaggawa. Kariyar da a ke liƙawa da wuta, da ma ana iya ɗaura ta da noti da maɗauri, ta ɗauki kaya daidai, ran da ba a so a kwance.

Masu kekunan na farko ma ai sun fi kowa son ado, sai dai sun san inda a ke tsayawa. Mutum ya kan sayi keke ya ƙi cire takardar da aka naɗe bututun da ita daga kanti, har ta yage don kanta. Sa'an nan ya sayo zaren roba ja da rawaya da kore, ya naɗe firam tsaf. Ya sa madubi biyu, wani har huɗu, ya rataya tuntaye a hannuwa, ya sa wa sirdi riga mai geza, ya ɗaura ƙaho na roba kusa da ƙararrawa. Ran salla in ya fito, kai ka ce dokin zage ne. Amma duk adon nan tufafi ne, ana sawa ana tuɓewa. Shi ya sa har yau in an warware tsohon zaren roba daga jikin irin keken nan, a kan tarar da baƙin fenti da layin zinariya a ƙarƙashi kamar jiya aka fito da shi daga akwati. Adon yanzu kuwa tsage ne, in aska ta bi fuska ba a mayarwa.

Wanda ya jawo tsohon keke daga ɗaki, aikin da ke gabansa ba shi da tsada, haƙuri kawai ya ke so. Ya fara da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi, ya bi wurin rubutu a hankali. Sarƙa da boris a jiƙa su cikin kananzir, a goge, a sa sabon giris. Ƙarfe mai walƙiya in ya yi jan tsatsa, takardar gwangwani mai laushin nan da a ke naɗe abinci da ita, in an dunƙule ta an tsoma a ruwa an goga, ta kan ɗauke tsatsar ba ta ƙuje shi ba. Baƙin fenti a shafe shi da ɗan mai ko kakin goge mota. Inda ya ɓantale har ƙarfe ya fito, a share wurin kaɗai a ɗiga masa baƙi da tsinke. Taya, da tif, da robar birki, da kota, waɗannan kayan ci ne, dama an yi su don a sake. Abin da aka cire kuwa, ko da ana ganin ya mutu, a zuba shi cikin jaka a rataye a ɗaki, gama wata rana za a sami mai iya tashinsa.

Akwai keken da tsatsa ta cinye fentinsa ƙaf, ko wanda wani ya riga ya shafe tun tuni. Irin wannan ba laifi a sabunta shi, har ma ya fi a bar shi ya ruɓe. Sai dai a kwance shi gaɓa-gaɓa tukuna, a kwafe lambarsa a takarda, a rufe tambarin goshi, a mayar masa da launinsa na dā. Wanda kuwa ransa ya ke son keke shuɗi, ko mai inji, ga Phoenix na ƙasar Sin, ga Hero na Indiya, fasalinsu ɗaya da na dā, in an ɓata ɗaya akwai dubu a bayansa.

Dillalan keke da suka daɗe a kasuwa suna da wata al'ada. In an kawo musu tsohon Raleigh yana sheƙi, ba sa duban sheƙin. Sai dillali ya kifa shi, ya sa farce a ƙarƙashin cibiyar feda ya ɗan kankara, ya ga abin da ke ƙasa. In lamba ta fito, ya karanta. Sa'an nan ya kama feda ya jijjiga ya ji ko kofi na motsi, ya bi mahaɗai da yatsa yana neman tabon wuta. Sai ya gama wannan duka ya ke ɗaga kai ya faɗi abin da zai saya.